Mai Waina Tsakanin Ƙofa Biyu

Na manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni, amma akwai wata Alhamis a kasuwar Maigatari da ta ƙi fita daga raina, kuma na san ba za ta fita ba har in koma ga Mahaliccina.

Abin da na fara gani da muka sauka daga mota shi ne wani hannu da ya sha lalle, yana juya waina a tanda da sauri kamar ba ya jin zafin wuta. Na bi hannun da ido, sai na tarar da fuskar dattijo, furfura ta fara tsiro a haɓarsa, ga kwalli a idonsa, ya ɗaura zani a kan doguwar riga. A lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Gagarawa. An yi hutu, Goggo ƙanwar babana ta ce in raka ta in riƙe mata kayan daddawa da kuka. Ni kuwa yarinya ce marar magana, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Abin da na iya kawai shi ne kallo.

Goggo ta ja ni muka zauna a bencinsa. Ashe sun saba. Suka gaisa kamar ƙawaye, tana ce masa "ke", yana tsokanarta wai ta rame don rowa ta hana ta cin ribar daddawa. Da na tambaye ta da ido, ta raɗa mini cewa ɗan daudu ne, in ci abincina in daina ƙura wa mutane ido. Na ci. Ban taɓa cin waina mai laushin wannan ba, kuma bencin bai taɓa zama wayam ba: direbobi, dillalan shanu, matan ƙauye, kowa yana miƙa kwano.

Bazara ce, rana kamar za ta fasa kai. Na yi ta ɗirkar ruwa, wajen azahar fitsari ya matse ni. Na daɗe ina murza ƙafa kafin Goggo ta lura, ta ce don me zan kashe kaina da kunya, ta kai ni gidan wanka da bahaya na bakin tasha. Ƙofa biyu ce, ɗaya an zana hula, ɗaya an zana ɗankwali, wani tsoho yana zaune a tsakani kusa da duron ruwa yana miƙa butoci. Layin mata ya yi tsawo. Muka tsaya.

Muna nan sai ga mai waina ya taho. Wataƙila ba wanda ya lura sai ni, amma tafiyarsa irin tawa ce: gajerun taku, gwiwa a haɗe, yana cije leɓe. Goggo ta ce ƙasa-ƙasa, ai da can wani kango yake zagayawa a bayan tasha, to a makon nan masu wurin sun kewaye shi za su yi shaguna. Ta ƙara da cewa ciwon suga gare shi, ba ya iya riƙewa.

Ya karɓi buta ya nufi layin maza. Wani ɗan kamasho ya sa ƙafa ya tare hanya, ya ce, "Hajiya, kin yi ɓatan kai. Ga layinku can." Aka kwashe da dariya. Mai waina ya yi murmushi irin na wanda ya saba, ya ce masa ya ji tsoron Allah, ɗazu ɗazu ya gama lasar miyarsa. Wannan ya ƙara musu dariya, amma ƙafar ba ta janye ba. Wani dillali mai babbar riga ya ce shi dai ba zai yi alwala a inda wannan ya tsuguna ba.

Sai ya juyo wajenmu. Matan suka matse kamar kaji sun ga shirwa. Wata mai goyo ta ce a'uzubillahi, ƙato da gemu zai shigo musu, ina aka taɓa yin haka. Ya ce ba zai shiga ba sai kowa ta fito, a ba shi minti ɗaya kawai, ya rantse da Allah. Ba wadda ta ba shi hanya. Na ɗaga kai na dubi Goggo, na tarar ta zuba wa wata motar kanwa ido kamar yau ta fara ganin mota.

Ya koma wajen tsohon. Tsohon ya ce shi ƙofa biyu aka ba shi, kuma ba zai jawo wa kansa rigima ranar kasuwa ba, ya je su sasanta da jama'a. Haka mai waina ya yi ta kai da komowa, daga hula zuwa ɗankwali, ruwan butar yana zuba a ƙafarsa. Na lura ya daina ba'a. Na lura kuma leɓen mai goyon nan yana ƙyallin mai, ga ragowar waina a leda a hannun ɗanta.

Daidai nan layi ya zo kaina. Ƙofa a buɗe, ba kowa a ciki. Mai waina ya dube ni, ni ma na dube shi. Bai roƙe ni ba. Na yi niyyar in ce a bar shi ya shiga a madadina, ni zan tsaya a bakin ƙofa. Amma idanun da ke wurin sun yi mini yawa, Goggo kuma ta tura ƙeyata. Na shige na ja sakata.

Ina ciki na ji hayaniyar ta ɗauke ɗif, sannan wani ya yi fito, dariya ta ɓarke. Da na fito na same shi tsaye a inda na bar shi, zaninsa ya jiƙe, ƙasa ta yi duhu a tsakanin ƙafafunsa. Bai yi kuka ba. Ya sunkuya a hankali ya ajiye butar kusa da duro, ya gyara mata zama, ya ratsa mutane ya tafi. Bai ko waiwayi tandarsa ba, har ƙaurin waina ya iso inda muke.

Muka hau mota muka kama hanyar gida har muka wuce Gumel. Nan Goggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, shi ya zaɓar wa kansa wannan rayuwa. Can kuma ta ce shi ya yi girkin bikin 'yarta, bai bari an ji kunya ba. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Makon nan ban samu sukuni ba. In na ɗauki buta a gida sai in tuna da shi. Na kasa karatun da aka ba mu na hutu, na ƙona tuwo, Inna ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne. Da Alhamis ta zagayo ni da kaina na ce zan bi Goggo, har ta yi mamaki. Muka tarar da murhunsa a sanyaye, an kife bencin. Masu abinci na kusa suka ce ya tsallaka wajen 'yan'uwansa a Nijar, ba su san ko zai dawo ba.

Na zame na koma gidan bahayan, ban ma san abin da zan yi ba. Ina raɓe jikin bango sai ga wani Alhaji ya sauko daga babbar mota, ya yi wa tsohon magana a kunne. Tsohon ya zaro makulli daga aljihu, ya zagaya gefe ya buɗe wata 'yar ƙofa da na ɗauka ta ajiyar tsintsiya ce. Ashe bayi ne na uku, a share tas, na manyan baƙi. Ke nan makon jiya ma yana nan.

Ban zo yin fatawa ba, malamai sun fi ni sanin hukuncin kowa. Abin da na koya dai shi ne, duk yadda kake kallon mutum, Allah da cikinsa Ya halicce shi kamar kai, kuma wanda ka ci daga hannunsa bai cancanci ka tozarta shi a kan buta ba. Na koyi kuma cewa kunyar da ta hana ka faɗin gaskiya ba tarbiyya ba ce, tsoro ne. Ba wurin da za a rufa masa asiri aka rasa ba, wanda zai buɗe baki aka rasa, har da ni.

Da Alhajin ya tafi, na matsa gaban tsohon. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, buta kike so?"

Na ce, "A'a, Baba. Alfarma nake roƙo. Don girman Allah, in mai wainar nan ya dawo, kada ka bari ya tsaya a layi. Ka ba shi makullin nan."