Kitson da Zai Kai Shekara

Saura kwana uku 'yata ta fari ta tashi zuwa Kanada karatu na mare ta a tsakar gidanmu na unguwar New Bell a Douala, a gaban maƙwabta. Bayan marin na murɗe hannayenta biyu ta baya, na danne ta a kan tabarma don a yi mata kitson da ta ce ba ta so. Shekarunta goma sha tara a lokacin. Ni kuwa ina da arba'in da shida, malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare da ke kan hanyar Yassa, kuma ɗalibai sun san ni da cewa ko murya ba na ɗagawa, balle bulala. Yau shekara huɗu ke nan ina bin wannan rana daki-daki a zuciyata, ina neman inda zan ce wani ne ya tura ni, ban samu ba.

Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mama nake ce mata. Ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har da gashin: baƙi, mai cika, idan an tsefe shi yana sauka har tsakiyar baya. A waje babu wanda ya san da shi, tun da kullum yana cikin hijabi, amma matan unguwa sun sani, kuma suna maganarsa. Wadda ke da iko da wannan kai ita ce yayata, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Yaya makitsiya ce ta fiye da shekara talatin, har daga unguwar Kotto ake aiko da mota a ɗauke ta idan za a yi wa amarya kitso. Ita ta goya ni, ita kuma ta karɓi Mama ranar da aka yaye ta. Matata, bisa al'adar da iyayenmu suka zo da ita daga arewa, tana yi wa 'yar fari alkunya: ba ta faɗin sunanta, ba ta yabonta, ba ta sa baki a lamarinta a gaban dangin miji. Duk ranar kitso sai ta shige ɗakin girki ta bar su.

Da takardun tafiya suka fito, aka ce za ta sauka ne a tsakiyar sanyi, sai na raka ta wurin masu gwanjo muka zaɓi hulunan ulu guda uku. A cikin zafin Douala ta gwada su, gumi na zuba, mai shagon yana dariya yana cewa da Faransanci ko dai firji za ta shiga aiki. Babu wadda ta zauna a kanta. Gashin ya yi yawa, hular sai ta tsaya a sama kamar an kifa kwano.

Mama ba ta damu ba, domin ta riga ta tambayi wata ƙawarta da ta riga ta zuwa. Da muna cin abincin rana ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce ulu yana shanye man gashi, yana kuma goge gashin goshi duk lokacin da aka sa hula aka cire, ga iskar ɗakunan can busasshiya ce saboda ɗumama su da ake yi. Abin da ya dace shi ne manyan kitso guda shida ko takwas, a kwance, sako-sako, a cusa bakinsu ciki, ta riƙa tsefewa da kanta duk mako biyu ta shafa man kaɗanya. Ta nuna mini yadda ta yanka wani tsohon ɗankwali mai santsi ta ɗinke shi a cikin kowace hula. Na juya hular a hannuna, na ce mata wannan shi ne darasin gogayya da nake koyarwa a aji, kuma ta yi tunani mai kyau. Da bakina na faɗa.

Yaya tana da nata lissafin. A wurinta akwai abin da ake kira kitson tafiya, wanda ta saba yi wa mata masu zuwa aikin hajji ko masu tafiya arewa wankan jego: ƙanana ƙwarai, a ja su tun daga tushe, a ɗaure gindin kowanne da baƙin zare. Ta ji an ce a can babu makitsa, ta kuma ji cewa yarinyar ba za ta dawo ba sai bayan shekara. Sai ta yanke cewa za ta yi mata wanda zai kai shekarar, wanda kuma zai kwanta lif har hula ta zauna. Ban ga mugunta a cikin wannan ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ranar Asabar da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, aka shimfiɗa tabarma. Yaya ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta jera kibiya da mataji da zare. Maƙwabta mata uku suka shigo yi wa Mama sallama, suka zauna kallo. Ina ɗaki ina duba takardun jarrabawa, taga a buɗe, ina jin komai.

"Gwaggo, manya na ce. Guda takwas."

"Takwas? Ke jaririya ce? Sunkuyo."

Aka fara kitso. Sai na ji Mama ta ce, "Gwaggo, don Allah sassauta, har idona yake ja."

"Idon ya ja. Can wa zai taɓa miki kai, Baturiya? Da cokali mai yatsu za ta tsaga miki?"

Matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce ita ma da aka yi mata na hajji kwana uku a zaune ta yi barci, ga ta nan ba ta mutu ba.

"Ni zan riƙa yi da kaina, na koya," in ji Mama.

"A waya kika koya? To wayar ta zo ta karɓi kibiya."

Na ji ƙarar mataji a kan ƙoƙon kai, irin ƙwanƙwasar da kowace yarinya ta sha a hannun makitsiya. Amma wannan karon Mama ta miƙe tsaye. Ta ture hannun Yaya, kibiyar ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata, ta ce da Faransanci kanta ne, ba na kowa ba. Yaya ba ta jin Faransanci sosai, amma ta ji wannan.

"Malam! Malam, fito ka ga abin da bokonka ya haifa maka. Ni za ta ture? Ni da na wanke kashinka na wanke nata?"

Na fito da jan biro a hannuna. Yaya tana kuka, ɗankwalinta ya zame. Matan uku sun zuba mini ido. Mama na tsaye, layi huɗu na ƙananan kitso a gefen kanta, sauran gashin a tashe. Na ce mata ta ba gwaggonta haƙuri ta zauna. Ta dube ni, ba da tsiwa ba, da mamaki.

"Baba, ai na yi maka bayani. Kai ka ce na yi tunani mai kyau."

A kan wannan maganar na mare ta. Hannuna ya sauka a kuncinta da bakinta, leɓenta ya fashe a kan haƙori, ɗan kunnenta ya fita ya gangara ƙarƙashin randa. Ba ta faɗi ba. Ta juya za ta shige ɗaki, na cafko ta, na murɗe hannayenta ta baya, na durƙusar da ita da ƙarfi har gwiwoyinta suka bugi ƙasa. Na ce wa Yaya ta ci gaba. Wata daga cikin matan ta tsamo kibiyar daga kwata, ta ɗauraye, ta miƙa mata.

Na riƙe ta kamar rabin sa'a. Da farko tana fizga, ina jin ƙasusuwan wuyan hannunta suna motsi a cikin tafina, ina ƙara matsewa. Daga baya ta daina. Na sake ta, na jawo kujera na zauna a gabanta kamar mai gadi. Jinin leɓenta ya ɗiga a kan rigarta ya bushe, babu wanda ya goge. Yaya kuwa hannunta ya ƙara nauyi, domin yanzu da fushi take kitson. Daga inda nake ina ganin fatar kan tana tashi a gindin kowane kitso, fari-fari, wasu wuraren da ɗigon jini. Na san abin da ke faruwa da zare idan aka ja shi fiye da ƙarfinsa, ina zana shi a allo kowace shekara. Ina kallo ban ce komai ba, domin idan na ce a sassauta, na amsa ke nan a gaban matan nan cewa marin banza na yi.

Aka yi azahar, ba mu tashi ba. Wajen ƙarfe biyu Yaya ta iso goshi, inda gashin yake da laushi. Ta kama wani ɗan siriri ta naɗa masa zare ta ja, sai ga shi a hannunta gaba ɗaya, da fararen tushensa. Mama ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ba kuka ba ne, ba kuma ihu ba.

Matata ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu. Ta kira sunan yarinyar, sunanta na yanka, da ƙarfi, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Kafin kowa ya motsa ta sauke muciyar a kan hannun Yaya na dama. Na ji ƙarar ƙashi. Yaya ta yi ƙara, ta cakumi wuyan rigar matata da hannun hagu, suka zube tare a kan tabarma, suka bangaje tukunyar miyar da aka sauke a bakin ƙofa, miyar ta kwarara a ƙafar ɗaya daga cikin maƙwabtan, ita ma ta kama ihu. Na shiga tsakani na rungumo matata ta baya, ta juyo ta buga mini muciyar a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya.

"Sake ni! Kai ma namiji ne? Kana zaune ana fige maka 'ya kamar kaza!"

"Ki kashe ni!" in ji Yaya daga ƙasa. "Ki kashe ni a gidan ubana, 'yar baƙin ciki!"

Maza suka shigo daga layi, waɗanda ba su taɓa wuce zaurenmu ba, suka ga matata ba ɗankwali, suka ga 'yata da kai a buɗe. Aka ɗora Yaya a kan babur zuwa asibiti, yatsunta biyu a karye. Ni aka yi mini ɗinki uku. Da na dawo da la'asar na tarar Mama ta kulle kanta a ɗaki.

Washegari kanta ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, ko juya wuya ba ta iya yi. Matata ta dafa ruwan ɗumi, ta zauna ta ɗora kan 'yarta a cinya, abin da ban taɓa gani ba, tana yanka zaren ɗaya bayan ɗaya da reza tana tsefewa a hankali. Duk da haka gashin goshi da na gefen kunnuwa ya riƙa biyo yatsunta. Da aka gama Mama ta ce a ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi ta ɗauko almakashin ɗinki ta yanke sauran gashin, duka, har wanda babu abin da ya same shi. Matata tana roƙonta, ba ta saurara ba. Ta tattara shi a cikin leda ta kawo mini har ɗaki, ta ajiye a kan takardun jarrabawa.

"Ga shi, Baba. Ka ba Gwaggo, ta yi masa yadda take so."

Ban ba Yaya ba. Na kai shi bayan gida na haƙa rami na binne, kamar yadda mahaifiyarmu ta koya mana a yi da gashi. A filin jirgi Mama ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, na sa mata albarka, ta ce amin tana kallon takalmana.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don mutuncin Yaya na yi. Da na tsananta wa kaina tambaya sai na ga ba haka ba ne. Yarinyar ta faɗi gaskiya a gaban mutane, cewa na gane kuma na yarda, ni kuwa a wannan tsakar gidan na fi tsoron a ce boko ya raba ni da 'yar'uwata fiye da tsoron abin da zai sami 'yata. Yatsun Yaya sun warke a karkace, ta daina ƙananan kitso, masu mota sun daina zuwa. Ita da matata suna gaisawa da safe, amma kowacce da tukunyarta.

Na roƙi Mama gafara a waya a shekararta ta farko. Ta ce, "Ba komai, Baba," ta koma maganar karatu. Idan muna magana ta bidiyo kanta a rufe yake ko da tana ɗakinta ita kaɗai, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin cewa ta buɗe in gani ba. Daga bakin uwarta nake jin cewa gashin baya ya tofo, na gaba kuwa tana ta shafe-shafen magani. A watan jiya ne ta gaya mini da kanta, bayan mun gama gaisawa.

"Na ga likitan fata, Baba. Ya ce tushen ya mutu, gaban ba zai fito ba. Na daina sayen maganin."

Ta jira ni kaɗan, sannan ta tambaye ni hannun Gwaggo. Na ce yana yi mata ciwo idan ana ruwa. Ta ce in gaishe ta, ta ce kuma za ta shiga aji.