Saƙon Kawu da Na Buɗe

Sana'ata a Alƙahira ita ce in sayi abaya da jallabiya a kasuwar Ataba, in ɗaure su dila-dila, in tura Kano. Ban gaji sana'ar ba. Da jaka ɗaya na fara, yau ina da ɗakin ajiya a unguwar Faisal, kuma Hausawan garin sun san ƙofarsa saboda saƙo. Ɗalibi ya kawo littattafai, matar ma'aikacin ofishin jakadanci ta aiko da turare daga Zamalek, duk in cusa cikin kayana. A al'adarmu ba a buɗe saƙon mutum. Ya faɗa maka abin da ke ciki, ka yarda, shi ke nan.

Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya zo aikin ido. Ranar da aka cire masa bandeji ya zaro wata takarda naɗe cikin leda. Lasisin bindigar farauta ne da aka ba shi a jiharmu, da hatimi da hotonsa. Ɓarayi sun kore masa shanu bara, bindigarsa kuma ta tsufa.

"Ka kai ni inda ake sayarwa," in ji shi.

"Kawu, wannan takardar iyakarta gida."

"Hatimin gwamnati ne fa. Ko gwamnatin taku ta fi tamu ne?"

Na kai shi shagon sayar da bindiga don ya ji da kunnensa. Mai shagon ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa da hannu biyu. "Ma'alish, Alhaji," ya ce, wato a yi haƙuri, ko ɗan ƙasa ba ya sayar masa sai da izinin hukumar nan, balle baƙon da ya zo magani. Kawu ya karɓi takardarsa, muka hau mota.

Bayan kwana uku ya shigo ɗakin ajiyata da dogon kwali, an naɗe shi da salatif kamar ba za a sake buɗewa ba.

"Dardumai ne na masallaci. Ka sa cikin kayanka."

Na ɗaga. Hannuna ya san nauyin darduma, wannan nauyin a gefe ɗaya yake. A ranar akwai saƙon mutane da yawa a dilata, kowanne da sunan mai shi a jiki. In aka kama, ba ni kaɗai za a nema ba, har ɗalibin da bai san komai ba sai littafinsa. Na ɗauko wuƙa.

"Saƙona za ka buɗe? Ni da na yi maka kaciya?"

"Naka zan buɗe, Kawu."

Darduma ɗaya ce, an naɗe bindiga a cikinta. Wani dillali ne ya samo masa ta bayan fage. Na ce ya mayar wa mai ita a ranar, in ya koma gida ya nemi tasa ta hanyar da takardarsa ke aiki, zan tsaya masa. Ya dube ni da sabon idonsa, ya ce ashe zaman Masar ya cire mini kunya. Na ce kunyata tana nan, amma kwalin nan ba zai shiga kayana ba, khalas, magana ta ƙare.

Ya mayar. Ya kuma hana ni raka shi filin jirgi.

Sallah biyu ke nan ina kiransa, matarsa ce ke ɗauka, ta ce ya fita. A ƙauyenmu an san ni da wanda ya yanka saƙon kawunsa. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba, shi ne ya saya mini takalmina na farko. Amma ban ba shi haƙuri a kan kwalin ba, kuma ba zan bayar ba.

Yanzu wuƙar tana kan teburina. Duk mai kawo saƙo, malami ne ko hajiya, a gabansa nake buɗewa. Wasu sun yi fushi sun koma wajen wani. Wanda ya yi ƙorafi nakan gaya masa na buɗe na Kawu, sai ya miƙo nasa.