Faifan Bafulatana da Fankar Kwamfuta

A bazarar farko bayan ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu, wata Laraba da rana tsaka, ina durƙushe a ɗakin mahaifiyata da ɗan maficin kaba a hannu, ina korar ƙudaje daga idanun ƙanena Sale. Numfashinsa kamar ana jan zarto a busasshen ice. Ni kuwa ban isa ɗaukar babban tulu ba tukuna. Inda aka zube mu fili ne fetal, ko inuwar da akuya za ta raɓe babu. Tsamiyar da muke carafke a gindinta, da rijiyar da muke layin guga, da dandalin gaɗarmu, duk suna ƙarƙashin ruwa. Sai sabon kwano a kan ɗakuna, yana ƙara yana ɗaukar rana.

A wannan bazarar ƙyanda ta shigo gari. Ba a kiran sunanta, sai dai a ce baƙo ya sauka a gidan wane. Gaɗa ta mutu, surfe ma a hankali ake yi. In na fita ɗebo ruwa da safe, nakan ga maza sun wuce da 'yar tabarma a naɗe, mutum ɗaya ya ishe ta ɗauka, sai in kau da kai. Al'adarmu kuwa, yaron da baƙo ya sauka masa ba a barin iska ta taɓa shi. Goggo Tabawa, yayar mahaifinmu, ita ce mai faɗa a ji a gidan, kuma ta ce, "Iska ce ke mayar da baƙo ciki. In ya koma ciki, sai likkafani." Don haka da baƙon ya sauka wa Sale aka toshe taga da tsumma, aka lulluɓe shi da gwado, aka ajiye kaskon garwashi a gefensa. Ba mugunta ba ce, wallahi. Goggo ta fi kowa son yaron nan.

Ranar nan mahaifinmu yana can wajen Burumburum yana sharar sabuwar gona, Goggo ta fita neman ganye. Sai na ga jikin Sale ya sandare, idanunsa sun kafe a sama, ƙafafunsa suna karkarwa. Mahaifiyata ta saki salati da ƙarfi. Salatin ne ya shigo da Dija, wata Bafulatana mai kawo mana nono daga rugar hanyar Falgore. Ta sauke ƙwaryarta, ta shigo ba sallama, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa.

"Subhanallahi! Dafa shi kuke yi? Ko maraƙi aka yi wa haka ai ya tafi."

"Goggonsu ce ta ce a rufe shi," in ji mahaifiyata tana kuka.

"Goggonsu ce ta haife shi?"

Mahaifiyata mace ce da ban taɓa jin ta musa wa dangin miji ba. Ran nan da ƙafa ta ture kaskon waje, ta fizge tsumman taga, ta yaye gwadon. Dija ta jiƙa gefen mayafinta ta shimfiɗa masa a ƙirji. Ni kuma na hau fifita da ɗan maficina da iyakar ƙarfina, fat-fat-fat, hannuna na neman tsinkewa, iskar ko gashin kansa ba ta motsawa. Sai Dija ta cire babban faifan da ta rufe nononta da shi, ta miƙo mini. "Yarinya, ajiye wannan ɗan abin. Sauri hannu yake kashewa, faɗi ke kawo iska. Yi a hankali."

Na kama faifan da hannu biyu. Duk ɗagawar da zan yi, sai in ji kamar ni ce nake tura baƙon cikin cikinsa. Idona na kan ƙurajen wuyansa, ina jiran in ga sun ɓace, in san na kashe ƙanena. Ana haka Goggo ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa da ganyenta, ta dubi taga, ta dubi kaskon da ke kife, ta ce, "To. In ya mutu, ku kuka sani." Hannuna ya tsaya cak. Mahaifiyata ba ta ɗago ba, ta ce, "Ci gaba, Hauwa." Na ci gaba, hawaye na ɗiga a kan faifan mutane. Wajen la'asar jikinsa ya saki, ya buɗe baki ya ce ruwa. Washegari mahaifinmu ya ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani. Ban ce faifai ne ya raya shi ba, kwanansa ne bai ƙare ba. Ya tashi da hakiya a idon hagu, ya yi noman rani a bakin dam har furfura ta cika gemunsa, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Jikarsa Rahma a hannuna take. Tana da kwamfuta mai akwati a ɗakina, da ita take buga wa mutanen Tudun Wada takardu. Ni kuwa abu mai daraja ban iya barinsa a buɗe ba, kullum sai in lulluɓe akwatin da zanen atamfa, yadda muke yi wa kwanukan jere. A bazarar bana sai abin ya fara kuka kamar zai tashi sama, in an jima ya ɗauke ɗif. Na sa bayan hannuna a jikinsa, na ji zafi, gabana ya faɗi irin faɗuwar da na daɗe ban ji ba.

"Tsohuwa, ke ce ashe kike dafa mini ita!" in ji Rahma tana dariya, ta yaye zanen.

Ban yi dariya ba. Ta kwance kusoshi ta buɗe cikin, ni ina cewa ta bari kada ta ƙarasa ta. Ta nuna mini wani farin ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ta ce a ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take, ba ta kai kwalin ashana ba. Ƙarfen ke zuƙe zafinta, ita kuma 'yar fankar da ke kansa ta kore shi. Fankar ba ta fi murfin gwangwani ba, gudu take kamar ranta zai fita, amma aikin ya fi ƙarfinta. Rahma ta cire ta, ta share haƙoran da buroshi, ta shafa wani farin mai a ƙasan ƙarfen, ta ɗauko wata fanka mai faɗin tafin hannuna daga wata matacciyar kwamfuta. Ramukan kusa ba su zo daidai ba, sai ta ɗaure kusurwoyin da siririyar igiyar roba, ta ja tamau. Da ta kunna, ta riƙe zare a bakin fankar don ta tabbata iskar cikin haƙoran take shiga. Ni dai na dafe ƙirji ina jiran ɗif ɗin nan. Babbar fankar ta yi ta juyawa a hankali, shiru, ba kuka. Rahma ta nuna mini wata lamba a gilashi, ta ce zafin ke nan, ga shi yana sauka.

Yanzu har ƙarfe an san yadda za a duba zazzaɓinsa a ido, a canza masa fanka kafin ya suma. Mu a wancan fili ba mu da komai sai tsoro da faɗar manya, kuma gidaje da yawa mai nono ba ta bi ta ƙofarsu ba ran nan. Nakan tuna ƙawayen gaɗata da aka fita da su a tabarma. An lulluɓe su a ɗaki ne saboda ana son su.