Takalman da Garba Ya Zana a Bangon Bakin Ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura inji a jirgina da safen nan aka ce mani Garba Mai Fenti ya rasu. Jinyar kwana huɗu kacal.

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa a Yelwa ya san bangon tsohon sito, mai zanen jirgi cike maƙil da mutane da buhuna, ga takalma suna yawo a kan ruwa. Aikin Garba ne.

Ba ya zana fuska. In jirgi ya kife, sai ya bari an yi sadakar bakwai, ya je gidan mamaci ya tambayi irin takalmin da ya sa a ranar. Shi zai ƙara a bangon.

Bari in tona kaina: ni na taɓa shafe bangon nan da farar ƙasa. Mu masu jirage muka ce yana kore mana fasinja, ni kuwa sarkin zafin kai na ɗauki bokiti.

Ya iske ni ina cikin shafawa. Na zaci dambe za mu yi. Sai kawai ya riƙe mani tsani ya ce, "Taka sannu, Isiya, tsanin ga ya tsufa."

Wallahi gara a ce marina ya yi.

Washegari ya sake zanen daga farko, don duk takalman ya haddace su a kansa.

Da shekara ta zagayo, jirgin 'yan kasuwa ya kife da Innata wajen Ngaski. Ba nawa ba ne, amma lodinsa irin wanda nake yi ne. Garba ya zo gaisuwa, bai tambaye ni komai ba. Ni na bi shi har ƙofa na ce, "Silifa ne shuɗi, ta ɗaure igiyarsa da leda."

Tun daga ranar ban ƙara yin lodin ganganci ba.

Da hoton bangon ya bazu a waya, wasu samarin Legas suka aiko masa da katakon sulu mai 'yan tayoyi, wai siketbod, ya yi masu zane. Ashe ba hawa suke ba, tarawa suke suna ratayewa a falo. Na yi ta tsokanarsa da ɗan gayu. Ya zana masu kifi da taru da jirgi mai lodi, amma takalman da suka fi naci a kai, ya ƙi. Ya ce, "Waɗanga ba nawa ba ne. Amana ce."

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne, yana zaune gindin bangon. Damina ta ci fenti, silifan Inna ya dusashe. Ya ce, "In na ji sauƙi, da shi zan fara."

Ko binne shi ba a yi ba, na ji wasu na cewa yanzu sai a shafe bango a huta.

To, ku ji da kyau. Ban iya zane ba, amma na iya bin layin zane. Ranar Asabar da hantsi zan kawo fenti da tsani. Duk mai takalmi a bangon nan ya zo ya maimaita na ɗan'uwansa. Mai zuwa da farar ƙasa kuwa, ni zai tarar, kuma ni ba Garba ba ne, ba zan riƙe masa tsani ba.

Allah Ya gafarta maka, Garba, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, shi da masu takalman.