Turmin da Inna Ke Wankewa Kafin Aro

Wata ranar kasuwar Gangara, a ranin 1984, na dawo daga lakol, wato makarantar boko, na tarar da Inna durƙushe tana dirzar turmi da toka da ɗan ruwan da ya kamata mu sha. Rumbunmu ya daɗe da ƙarewa. Abin da muke ci anza ce, 'ya'yan daji masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Baba kuwa manomi ne da ake zuwa roƙon iri wurinsa, don haka Inna ta fi tsoron a san halinmu a kan yunwar kanta.

Turminmu ne kaɗai mai lafiya a unguwar. Duk yamma Dija, wata Bafulatana da fari ya kashe mata shanu har ta sauka bayan dangarmu, takan aiko a ba ta aro. Inna ba ta taɓa hanawa ba, amma sai ta wanke shi tas, ta kife ya bushe, ta jingina taɓarya, sannan ta ɗora mini. Ni dai haushi nake ji, ga nauyi, ga 'yan'uwana can suna gaɗa. "Ki ba mutum abin aiki," in ji ta, "kada ki haɗa mishi da cikin gidanku."

A ranar kasuwar nan Dija ta sayar da karsanarta ta ƙarshe. Da kanta ta maido turmin, da faifai a bakinsa. Inna ta ɗaga faifan, sai ga gero kusan rabin turmi.

"Dija, kin yi mantuwa."

"Ban yi ba, Yaya. Turmin da ke daka hatsi ba shi rasa ƙamshi. Naku ƙamshin toka shikai."

Inna ta mayar da faifan. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Yau ina koyar da aikin kwamfuta a Maraɗi. Nakan bayyana wa ɗalibai cewa kafin babbar manhajar da ke riƙe da na'ura ta tayar da wata ƙarama, sai ta share 'yan ma'ajiyar nan da ake kira rajista, ta mayar da su sifili, don kada sirrin cikinta ya bi baƙuwar. Abin da take bar mata kaɗan ne: inda za ta fara, da inda za ta ajiye kayan aikinta. Ɗalibai suna rubutawa, ni kuwa toka nake shaƙa.

Na'ura tana sharewa, kuma ba mai ganewa. Inna ta share, aka gane, aka rufa mata asiri. Yanzu injin niƙa ya cika gari, ba mai zuwa aron turmi, kuma ban san ta yaya maƙwabciyata za ta gane ba in na kwana da yunwa.