Ɗan Fari a Bayan Labule

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Usman ya kawo mahaifiyarsa duba gidanmu ba. Wata Talata ce a cikin watan Rajab, a shekarar da aka ɗaga ni daga mai jinya zuwa mushrifa, wato mai kula da ma'aikatan rana. Ku da kuka shigo aikin daga baya ya kamata ku ji labarin daga bakina, tun kafin tsofaffin gidan nan su ba ku shi da ƙarin gishiri.

Ga wanda bai san mu ba, gidanmu ƙaramin bene ne a unguwar Kurayyat ta Jidda, wani bawan Allah ya bar shi waƙafi don tsofaffin mata masu bukatar kulawa. Yawancinsu namu ne, Hausawan da suka zo aikin hajji tun suna 'yan mata suka tsufa a Jidda. Ƙa'idar karɓa kuwa ba ta da yawa. Dangi su zo su ga wuri, likita ya duba tsohuwa, sannan ita da bakinta ta ce ta yarda, a gaban mudira, shugabar gidan. In ba ta faɗa ba, ko da wa ya kawo ta, ba a ba ta gado.

Mutanenmu ba sa zuwa irin wannan ziyara da sakin fuska. Wani sai ya ajiye mota can bayan layi don kada wani ɗan Nuzla, unguwar da mutanenmu suka yi yawa, ya gan shi ya kai labari cewa wane ya gaji da uwarsa. Suna shigowa kai a ƙasa, su leƙa ɗaki biyu, su ce za su yi shawara. Malam Usman shi ba haka ya zo ba. Haifaffen Nuzla ne, ya ba hamsin baya, sana'arsa gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ya turo mahaifiyar tasa, Inna Kulu, a keken marasa lafiya har tsakiyar falo, ya gaishe ni a gajarce, ya ce in nuna masa komai.

Na sha zagayawa da mutane, amma ban taɓa ganin mai bincike irin nasa ba. Ya kama ƙarfen dafawa na banɗaki ya rataya a jiki da duk nauyinsa. Ya watsa ruwa a kan tayil ya goga ƙafa ya ji ko da santsi. Ya ɗaga katifa ya sansana, ya buɗe firiji ya karanta kwanan watan madara, ya tambayi wa ke kwana da su da dare, kuma in wuta ta tashi ta ina za a fitar da mai keke. Da muka shiga ɗakin da ke da gadon da ba kowa, sai ya zaro sukundireba daga aljihu ya kwance murfin mukayyif, ya nuna mini ƙurar da ke ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mace ce mai ji da tsabtar wurin aikinta. Na kuma gane cewa mutumin nan laifi yake nema ruwa a jallo, don ya sami hujjar komawa da uwarsa gida.

Kowane ɗaki muka shiga sai ya durƙusa kusa da keken ya ce, "Ummi, ya kika gani? Kwayyis, ya yi kyau?" Ita kuwa sai ta gyara mayafi ta juya fuska wajen bango.

Mudirarmu ta lokacin, Ustaza Su'ad, Balarabiya ce mai tausayi da saurin zargi. Ta ja ni gefe ta ce mini da Larabci matar nan tsoron ɗanta take ji, ko dai yana cutar da ita ne? Na yi dariya na ce ko kusa, ɗan fari ne. Na yi mata bayani cewa a wajen iyayenmu na da, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta ma son a ga tana kallonsa. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ustaza ta zaro ido ta tambaye ni har yanzu, da furfura a gemunsa? Na ce har ya shiga kabari ma.

Aka shiga ofis domin a ji ta bakin Inna. Mudira ta tambaye ta ko tana son zama a gidan, ni ina fassara, ɗan yana tsaye a bayanta. Inna Kulu ta dubi ƙafafunta ta ce, "Duk yadda aka yi daidai ne." Aka juya tambayar ta wata fuska, amsar ba ta canza ba. Ustaza ta rufe fayil ta ce wannan ba yarda ba ce, kuma gaskiyarta ne.

A baranda ne Malam Usman ya sauke mini abin da ke cikinsa. Matarsa ta rasu, ƙanwarsa guda tana aure a Kano, takardu ba su bar ta ta zo ba. Tun da Inna ta faɗi ta karye a ƙugu, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita, don 'yar aikin da ya samu da azahar take tashi. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ta daina shan ruwa. Shayi kurɓi ɗaya, kunu ta ture, har likita ya ce ƙodarta ta fara gajiya, in aka ci gaba a haka ba za a daɗe ba. Likitan ne ma ya ba shi shawarar gidanmu.

"Wallahi ya Hajiya ban san me ke ranta ba," in ji shi. "Ko fushi take da ni, ko ta ji ana zancen kawo ta nan ne ta ƙi ci da sha. Ni ba zan jefar da uwata ba. In ba ta ce tana so ba, halas, shi ke nan, mu koma gida, abin da Allah ya rubuta ya faru."

Duk haushin ƙurar nan sai ya bar ni, tausayinsa ya kama ni. Amma ban san yadda zan buɗe bakin tsohuwar ba, tunda duk inda keken ya je, ga ɗan nan a bayansa.

Goggo Tabawa ce ta raba gardama. Ita ce ta fi kowa daɗewa a gidan, Bakanuwa, ƙafa ta mutu amma baki yana nan da ransa, kuma ba a yin baƙo ba ta san asalinsa ba. Tun shigowarsu take bin su da ido daga kujerarta. Ta kira Malam Usman ta ce tunda ya iya kwance kayan mutane, ya hau saman bene ya duba injin mukayyif na ɗakinta, kwana da kwanaki yana ƙara kamar injin markaɗe. Ya dubi uwarsa, Goggo ta ce ya tafi, ba mai cinye ta. Ya ɗauki kayan aikinsa ya hau.

Ƙarar takalminsa na ɓacewa a matattakala, Goggo ta tambayi Inna Kulu mutuniyar ina ce. Ta ce Zariya. Goggo ta tafa hannu ta ce ashe baiwarta aka kawo mata, dama tana neman mai yi mata fifita. Ai kuwa sai ga murya ta fito daga cikin mayafin nan, garau da ita, tana cewa Bakano dai ko a Makka aka binne shi sai ya tambayi kuɗin likkafani. Falo ya kaure da dariya. Matar da muka yi zaton ba ta iya haɗa kalma uku ba, sai ga ta tana ba da labarin yadda suka keto Sudan a bayan babbar mota tana amarya, da shekarun da ta yi tana sayar da gyaɗa da ƙosai a unguwar Mahjar.

Daga nan ta fara nata binciken, wanda ya sha bamban da na ɗanta. Ta tambayi ina alƙibla a ɗakin mai gadon. Ta tambaya ko ana barin mutum ya shiga kicin ya nuna yadda ake kaɗa miyar kuka, don ta ji ƙamshin tamu tun daga ƙofa kuma ba ta gamsu ba. Aka kawo kunun gyaɗa, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba. Sai ta yafito ni da hannu, ta rage murya ta ce, "'Yar nan, a gidan nan wa ke kai mutum bayi? Akwai namiji a ciki?"

Na ce mata babu, daga mai wanka har mai kwana, duk mata ne, mai gadi kuma iyakarsa ƙofar waje. Ta sake tambaya, har da dare? Na ce har da dare. Ta ɗaga kofin nan ta shanye tas, ta ce tsamiya ta yi kaɗan, a ƙaro. Ta sha na biyu, ta bi da ruwa mai sanyi, muna kallo.

Ba a jima ba na tura ta banɗaki da kaina. Ina taimaka mata ta ce, "Yaron da ban taɓa kiran sunansa ba, yau shi ke kwance mini zane. Yana yi yana kau da kai, ni ma ina kau da kai. Na ga in ban sha ba, ba zan tashe shi ba." Ta faɗe shi ne a sauƙaƙe, ba kuka ba komai. Ni ce na tsaya ina share hawaye da bakin hijabi, har ta ce in yi sauri kada Bakanuwar nan ta shanye mata kunu.

Da muka dawo falo na aika aka kira mudira. Daidai lokacin Malam Usman ya sauko, ya tsaya a bayan labulen ƙofar falo yana jiran a yi masa izini, tunda wurin mata ne. Labulen bai kai ƙasa ba, ƙafafunsa a fili, duk ƙura. Na tabbata Inna Kulu ta gan su, don sai da ta gyara zama ta ba ƙofar baya, sannan ta fuskanci Goggo Tabawa ta ɗaga murya yadda ko mai gadi zai ji.

"Ke Bakanuwa, in kin ga mai gyaran nan, ki ce masa gida ya yi, na yarda zan zauna. Ki ce masa ba don ya gaza ba. Abin da ya yi mini, 'ya mace ma sai ta yi da gaske. Amma akwai aikin da ba na ɗa namiji ba ne, ya bar wa mata abinsu, ni ma in sha ruwa in ƙoshi." Sannan ta ƙara da cewa, "Allah bai ba wata mace ɗa irin nawa ba. Wannan kam kada ki gaya masa."

Goggo ta ce ita ba ta da baki, ba wanda zai ji. Na fassara wa Ustaza Su'ad, ta sa hannu a takarda tana jan hanci. Ƙafafun nan suka daɗe a inda suke, sannan suka juya suka sake hawa bene, alhali aikin can ya riga ya ƙare. Sai bayan la'asar ya sauko, idanunsa jajur, ya tambaye ni wane irin kaya ake kawo wa mutum, kuma ko ana barin ziyara kullum. Ranar Alhamis aka kawo ta da akwatinta da tukunyarta guda da ta ce ba ta yarda da namu ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Duk wanda ya zo duba gidan nan, ku bar shi ya ja ƙarfe, ya sansana katifa, hakkinsa ne, kuma kada ku ji haushi irin nawa. Amma kafin a kai tsohuwa ofis, ku san dabarar da za ku raba ta da wanda ya kawo ta, ku zaunar da ita cikin 'yan uwanta, ku ba ta abin sha, ku saurari tambayar da za ta yi da ƙaramar murya. Kuma kada in ji wata a cikinku ta kalli mai kawo uwarsa da idon raini. Malam Usman ya yi wa tasa duk abin da hannu zai iya, ƙishirwa na neman kashe ta a gabansa saboda kunyarsa. Ranar da ya yarda ya bar mana ita, ranar ta fara shan ruwa.