Littattafan Kawu Jan-Biro da Aka Naɗe Ƙosai da Su

Na fi wata biyu ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. In na ce in rubuta, sai in ji tsoron kada a ce na tona asirin dangi. In na ce in yi shiru, sai in dubi 'yata Rukayya in ga ba zan iya ba. Ga shi karatuna a firamare ya tsaya, ni tela ne. To, na dai rubuta. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, amma ya sani ni ma an ɓata mini.

Duk wanda ya zauna Bungudu ya san kawuna, marigayi Malam Ummaru, wanda kuke kira Jan-Biro saboda jan biron nan da ba ya rabuwa da bayan kunnensa har cikin masallaci. Bayan ya bar aikin malamin gona, ya samo littattafai uku na bitar lissafin sakandare wajen mai tsofaffin littattafai a kasuwar Gusau, irin waɗanda mutum ke bi shi kaɗai ba malami. Ranar da ya saye su, shagona na Tudun Wada ya zarce, ya ari reza, ya yanke shafukan amsoshi da ke bayan kowane littafi, ya miƙo mini.

Na ce, "Kawu, ka lalata littafi."

Ya ce, "Gyara shi na yi. Ido ɓarawo ne, Sani, in amsa na kusa sai ya leƙa. Riƙe wanga, amana ce."

Amsoshin suna cikin akwatina har yau. Littattafan ne babu, kuma abin da ya sa ni rubutu ke nan.

Kowace Juma'a yakan zo Gusau da aikin da ya yi a mako. Ni da ban san abin da ya kai haruffa cikin lissafi ba, ni ne alƙali. In ajiye ɗinkin mutane, in buɗe amsoshi ina karantawa, shi yana duba nasa. In ya dace, ya gyaɗa kai. In bai dace ba, sai ya kalle ni kamar ni na buga littafin.

Wata rana na karanta bakwai, shi ya samu tara. Ya sake bi, tara. Ya ce littafi ya yi ƙarya. Na ce, "Kawu, littafi fa?" Washegari ya hau mota zuwa Tsafe, wajen wani tsohon malamin lissafi da ya ji labarinsa, ya bar ni kwana biyu ina sake duba amsar, don na ɗauka ni na karanta ba daidai ba. Da ya dawo na tambaye shi wa ya ci.

Ya ce, "Littafin."

"To, shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Ya tsallake mataki guda bai faɗa wa kowa ba. Mai gaskiya ne, amma marowaci."

Ya zauna ya rubuta matakin da jan biro a gefen shafi, da Hausa. Daga ranar haka ya riƙa yi. Duk inda littafin ya yi tsalle, sai Kawu ya cike gurbin, har gefunan shafuka suka koma ja.

Waɗanda suka yi maƙwabtaka da shi za su tuna shekarar da ya gina sabon rumbu a gonarsa ta wajen Kekun Waje. Ya ce ba za a zuba ko dami ɗaya ba sai ya lissafa abin da rumbun zai ci. Gero na jibge a rana, kaji na biki, shi yana zagaye rumbu da igiya. Matarsa, Inna Kulu, ta leƙa ciki sau ɗaya ta ce, "Arba'in zai ci, Malam." Ya yi kamar bai ji ba. Bayan kwana biyu ya fito da takarda, ya ce arba'in da ɗaya. Aka zuba, ya ci arba'in cif.

Inna Kulu ta ce, "Ina ɗayan?"

Ya ce, "Kajinki sunka cinye shi ina lissafi."

Sai maganar Rukayya. Tana son shiga makarantar ungozoma, lissafi ya tare mata hanya. Sau biyu tana zana jarrabawar gama sakandare, sau biyu yana kayar da ita. Ranar da Kawu ya ji, ya ce ta kawo abin da take karantawa. Ta kawo ɗan littafin nan da ake sayarwa a bakin makarantu, na tsofaffin tambayoyi, kowace da amsarta a ƙasa. Ya ɗaga shi da yatsu biyu.

Ya ce, "Wanga ba karatu ba ne, jikata. Tauna miki anka yi, ke haɗiya kawai kike, shi ya sa ba ya zama cikinki."

Ya ba ta littafi na ɗaya, ya ce ta fara daga shafin farko, inda ake raba abu guda kashi-kashi. Ta ce wannan ai na 'yan aji ɗaya ne. Ya ce, "Nan kika faɗi, ba ki dai ji ƙarar ba sai a aji shida." Ya kuma ƙi koya mata da baki. In ta kai masa abin da ya gagare ta, sai ya ce, "Ni ba malaminki ba ne. Koma baya shafi uku, ki tambayi littafi. Shi ba ya gajiya, ba ya tafiya yajin aiki."

Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da ta zo shago da hawaye, ta ce, "Baba, ka nuna mini amsa ɗaya kawai." Hannuna har ya kai kan akwatin. Na tuna amana ce, na janye, na kuma yi mako ina tambayar kaina ko na zalunci 'yata. Amma da idona na ga abin da ya biyo baya. Yarinyar da ke jin ciwon kai in an ambaci lissafi ta gama littafi na ɗaya, ta shiga na biyu. Ranar Juma'a suka zama su biyu a kan bencina, kuma wata rana ta dace shi bai dace ba. Ya daɗe yana kallon takardarta, sannan ya ce, "Sani, ba ni ruwa."

Suna babi na tara na littafi na biyu ya kwanta ciwo. Ya ce ta bar masa littattafan zai ƙara mata bayani. Kwana goma sha ɗaya Allah ya karɓi abinsa.

Ga inda raina ya ɓaci. Da aka zo rabon gado, ba abin da ba a fito da shi ba: awaki, keke, garma, har butar alwala. Littattafansa na addini aka naɗe su da kyau aka kai wa liman, kuma haka ya dace. Na boko kuwa ba wanda ya ɗauke su dukiya. Babban ɗansa, Bello, ya share ɗaki, ya haɗa su da tsofaffin jaridu, ya ba wata mai ƙosai kyauta. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya cikin zaman makoki, kada a ce na zo neman gado. Wannan laifina ne, na amsa.

Ban sani ba sai da na je gaishe da Inna Kulu, na tsaya sayen ƙosai kusa da tasha. Ina buɗe ƙunshin na ga jan rubutu, mai ya jiƙa shi. Hannun Kawu ne. Na karɓe abin da ya rage a gaban matar, shafi goma sha huɗu, na wuce wurin Bello.

Ya ce, "Haba Yaya Sani, takardun boko ne fa. Mi za a yi da su?"

Na ce, "Ka buɗe ko ɗaya?"

Bai buɗe ba. Na nuna masa farkon wani babi. Kawu ba ya fara babi sai ya rubuta Bismillah a samansa da Larabci. Nan Bello ya miƙe a ruɗe, har ya kasa samun takalminsa ɗaya. Ƙaramin ɗan'uwana ne, ina kuma son shi, amma na gaya masa abin kunya ne a ce sai da ya ga wannan ya san an yi ɓarna. Shekara tara uban nasa ya yi a kan shafukan nan.

Muka koma wurin mai ƙosan tare. Baiwar Allah ta tsorata ƙwarai. Ta ce littafi ɗaya ta kusa ƙarar da shi, sauran biyun ta ba ƙanwarta da ke tuya ranar kasuwar Tsafe, ita kuma ƙanwar ta ce ta raba da wani mai tsire da ke bin kasuwanni, ba ta san garinsu ba. Na zagaya masu littattafai a Gusau, ba mai irinsu. Ko an samu sabo ma, ba Hausar Kawu a gefe. Jarrabawar Rukayya saura wata huɗu, kuma ta ce in ta faɗi wannan karon ta haƙura.

Allah ya jiƙan Malam Ummaru, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi. Allah ya yafe mana mu da muka yi sakaci.

Roƙona gare ku, mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu: kafin ku jefar da takardar tsire ko ta ƙosai, ku dube ta. In kun ga lissafi da jan rubutu a gefe, ku adana. In akwai wanda ya san mai tsiren nan, ko ya ga littafi mai koren bango da aka yanke wa shafukan ƙarshe, ya sanar da teloli na Tudun Wada, za su gaya mini. Ko shafi ɗaya ne a kawo, ko mai ya jiƙa shi. Babi na tara muka fi nema.